Sashe a Cikin Gida, Gareji, Boskwata ko Raba Fuloti: Wanne Ya Fi wa Mai Gida a Kalifoniya?

Duk wanda ya tashi a gida mai sassa, inda ɗa kan yi aure a yankar masa gefe a ja masa katanga, zai sha mamaki idan ya ji cewa a yawancin unguwannin Amurka yin haka ya saɓa doka. Fuloti ɗaya, gida ɗaya, iyali ɗaya, haka aka tsara su. A birnin Los Anjalas kusan kashi uku cikin huɗu na filayen da aka ware domin zama a kan wannan tsari suke. Jama'a suka yi ta ƙaruwa, gini ya kasa bin sawu, har ta kai a watan Afrilun 2024 matsakaicin farashin gida a jihar Kalifoniya ya haura dala 900,000. Gwamnatin jihar da bakinta ta ce tana buƙatar sababbin gidaje miliyan 2.5 zuwa 2030.

Kansilolin birane ba su da niyyar sassautawa, don masu gidaje ne ke zaɓarsu, su kuwa ba sa son ƙarin jama'a da motoci a layinsu. Ganin haka majalisar jiha ta shiga karɓe ikon daga hannunsu, yau doka gobe doka. Jihar Oregon ta yi irin wannan a 2019, Washinton da Montana suka bi a 2023. Abin da duk suke nema shi ne ginin tsaka-tsaki, wanda ya fi gidan iyali ɗaya ɗaukar mutane amma bai kai dogon bene ba: sassa biyu, uku ko huɗu a fuloti guda.

To, kai da kake da gida a Kalifoniya, ga tsohuwa kana son ɗaukowa kusa da kai, ko ɗa ya gama jami'a haya ta gagare shi, ko bashin gida ya dame ka kana son ɗan haya ya taya ka biya, yanzu hanyoyi huɗu ne a gabanka. Za ka iya yanke ƙaramin sashe a cikin gidan, wanda a takardun hukuma ake kira JADU. Za ka iya mayar da gareji wurin zama, ko ka gina sabon ɗaki a bayan gida, irin boskwatar da muka sani. Waɗannan biyun duk ADU ne sunansu. Ta huɗu ita ce dokar SB 9, wadda ta ba ka damar ƙara cikakken gida na biyu, ko ma ka raba fulotin gida biyu.

Ma'aunin da za mu auna su da shi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin katako da siminti kaɗai ba. Akwai kuɗin zane, kuɗin izinin gini, kuɗin jawo ruwa da wuta da bututun bahaya, sai wani kaso da birni ke karɓa a kan kowane sabon gida da sunan nauyin da zai ƙara wa tituna da wuraren shaƙatawa. Na biyu ƙarko: shekara nawa ginin zai yi kafin ya fara cin kuɗin gyara. Na uku sauƙi, wato yawan takardu da tsawon jira. Na huɗu haɗari, daga na banki zuwa na ɗan kwangila zuwa na ɗan haya. Akwai na biyar da mutane kan manta sai aiki ya yi nisa: shin in ka matsu za ka iya sayar da abin da ka gina shi kaɗai, ka riƙe gidanka?

Abu guda ya shafi duka huɗun, gara a faɗe shi tun yanzu. Tun 1978, lokacin da masu zaɓe suka amince da ƙudurin da ake kira Prop 13, harajin gida a jihar kusan kashi 1 cikin 100 ne na ƙimar da hukuma ta yi masa lokacin saye, kuma ƙimar ba ta hawa fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara. Da yawa suna tsoron in suka yi sabon gini za a sake yi wa gidan gaba ɗaya ƙima da farashin yau. Ba haka ba ne. Sabon ɓangaren kawai ake ƙiyastawa a ɗora a kan tsohuwar ƙima. In an ce boskwatarka ta kai dala 200,000, ka sa ran ƙarin haraji na dala 2,000 da 'yan kai a shekara.

Sashe a cikin gida

Wannan ne mafi arha, kuma mafi kama da abin da aka saba a gida. Doka ta samar da shi tun 2016. Girmansa ba ya wuce murabba'in ƙafa 500, kusan murabba'in mita 46, kuma dole ya kasance a cikin bangon gidan da ke akwai, har da garejin da ke manne da gidan. Ana buƙatar ƙofarsa ta waje daban da ɗan ƙaramin kicin. Banɗaki kuwa ana iya yi masa nasa, ana iya haɗawa da na babban gida.

Tunda rufi da bango da fandisho duk suna nan, aikin bai wuce toshe ƙofa, fasa wata, jawo famfo da ƙara wayar wuta ba. Birni ba shi da ikon tilasta maka sabuwar mita ko sabon layin ruwa. Ƙarkonsa ƙarkon gidanka ne: in rufin ya tsufa, sashen ma ya tsufa.

Inda gizo ke saƙa shi ne zaman. Bango ɗaya ne tsakaninku, kuma bangon gidajen can katako ne da allon farar ƙasa, tari ma ana ji. In mahaifiyarka ce, wannan alheri ne, ko da tsakar dare ta kira za ka ji. In baƙo ne ɗan haya, sai a tuna da zo mu zauna zo mu saɓa. Sannan idan sashen yana raba banɗaki da babban gida, dole mai gida ya kasance yana zaune a wurin, ko a babban ɓangaren ko a ƙaramin. Ana kuma rubuta sharaɗi a jikin takardar mallaka cewa ba za a taɓa sayar da sashen daban ba. Kada ka manta ɗaki ka rage wa iyalinka. Gida mai ɗakuna huɗu ya koma mai uku.

Mayar da gareji ɗaki

Ka zaga tsofaffin unguwannin Los Anjalas, za ka ga garejin mota biyu a ƙuryar kusan kowane fuloti, cike da kwalaye da kekunan yara, motar tana waje. Irin wannan gareji yakan kai murabba'in ƙafa 400, wanda ya isa ciki ɗaya da kicin da banɗaki.

Doka ta yi wa wannan hanya gata biyu masu tsoka. Da can birni kan ce in ka cinye gareji sai ka samar da wani wurin ajiye mota, abin da ke kashe maganar tun daga tushe. Daga Janairun 2020 an hana su faɗin haka. Gata na biyu shi ne tazara: ko da garejin yana manne da katangar maƙwabci, za ka iya mayar da shi ɗaki a inda yake, ko ma ka rushe ka sake ginawa a kan sawunsa da girmansa, ba wanda zai ce ka ja baya. Ba a kuma tilasta maka sa sola a rufi, saɓanin sabon gini.

Amma a nan ne nake yawan jan kunnen mutane. An gina garejin ne domin mota, ba domin mutum ba. Daɓensa sau da yawa siriri ne, ba a shimfiɗa ledar tare danshi a ƙarƙashinsa ba, wani ma a karkace yake don ruwa ya gangara waje. Katakon bango yana iya zama gara ta gama da shi. Ƙasar kuma ta girgizar ƙasa ce, injiniya zai so ya ga an ɗaure bango da fandisho da ƙarfe. Ga tonon rami daga bayan fuloti har inda bututun bahaya yake, ga akwatin wutar gidan da wataƙila sai an canja shi da babba. Kowanne cikin waɗannan shi kaɗai dubban daloli ne. Mutum yakan shiga da lissafin gyara ya fito da lissafin sabon gini, a hannunsa kuma tsohon gini ne mai gajeren rufi. Kafin ka biya mai zane ko sisi, ka kira injiniya ya duba daɓen da katakon. In ya ce lafiya lau, ka tsinci dami a kala. In ya yi shiru yana girgiza kai, ka wuce zuwa hanya ta uku.

Ga wanda ya sayi gida ya tarar an riga an mayar da garejin ɗaki ba da izini ba, abin da ya yi yawa ƙwarai a kudancin jihar, wata doka ta 2024 mai lamba AB 2533 ta buɗe ƙofar halatta irin waɗanda aka yi kafin 1 ga Janairun 2020, muddin an gyara abin da ke barazana ga lafiya da rai.

Sabuwar boskwata a bayan gida

Wannan ce ta fi kowacce karɓuwa, kuma dalilin a fili yake: jiha ta ɗaure hannun birane a kanta tamau. Dokokin 2016 suka fara, na 2019 suka ƙarasa. Yau ko yaya birninku ya tsani abin, dole ya bar ka ka gina mai murabba'in ƙafa 800, tsayin ƙafa 16, da tazarar ƙafa 4 daga gefe da baya. Ba zai ce fulotinka ya yi ƙanƙanta ba. Ba zai kira taron maƙwabta su yi ta ƙorafi ba. In takardunka sun cika, kwana 60 gare shi ya amsa. In tsakaninka da tashar bas ko jirgin ƙasa bai wuce tafiyar rabin mil a ƙafa ba, ba zai nemi wurin ajiye mota ba. Ba zai wajabta maka zama a gidan ba. An dakatar da wannan sharaɗi a 2020, aka soke shi dindindin da dokar AB 976 ta 2023. Ko ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda ke iya hana ka fentin da kake so, ba ta da ikon hana ka boskwata. Sakamakon ya bayyana: daga izini dubu ɗaya da 'yan kai a 2016, jihar ta haura dubu ashirin a 2022.

Akwai wata lamba da ya kamata ka rubuta a tafin hannu: 750. Boskwatar da ba ta wuce murabba'in ƙafa 750 ba, birni ba ya karɓar kason nan na sabon gida a kanta. Da ta wuce, sai a fara lissafi gwargwadon girmanta a kan girman babban gida. Da can sai wadda ba ta kai 750 ba ke samun rangwamen, shi ya sa za ka ga zane da yawa an tsayar da su a 749. Hukumar makarantun yanki kuma tana iya neman nata kason idan gini ya wuce 500. Mai son ɗakuna biyu da falo mai faɗi yana iya zuwa 1,000, wasu wuraren har 1,200, sai dai ya san ya tsallake layin rangwame.

Kuɗinta fa? Binciken da masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka fitar a 2021 ya nuna matsakaicin abin da masu gida suka kashe dala 150,000 ne, matsakaiciyar haya kuma dala 2,000 a wata. Wannan adadi ya haɗa har da gareji da sauran gyare-gyare masu arha, kuma tun daga lokacin kayan gini da ladan ma'aikata sun tashi. A manyan birane yanzu in ɗan kwangila ya ce maka 300,000 a kan sabuwa fil, bai zage ka ba. Ƙaramin gini ba ya arha daidai da ƙanƙantarsa, don kicin da banɗaki da jawo ruwa su ne masu cin kuɗi, kuma ko ɗaki ɗaya ne sai an yi su. Ga sola da dokar makamashi ta wajabta wa yawancin sababbin gine-gine.

Mu buga misali. Ka kashe 150,000 kana karɓar 2,000, wata 75 ke nan, shekara shida da wata uku, kafin uwar kuɗi ta dawo. Ka kashe 300,000 kana karɓar 2,500, shekara goma cif. Duk wannan ba a cire haraji da inshora da gyara da watannin da ɗakin zai zauna ba kowa ba. Saboda haka wanda ke neman riba ta kusa ya nemi wata sana'a. Wanda ke duban shekara ashirin ko talatin kuwa, sayen nagari mayar da kuɗi gida ne: sabon fandisho, sabon rufi, sabuwar waya, duk a kan ƙa'idar gini ta yau, wataƙila ma ta fi babban gidan ƙarko.

Wata dabarar rage jira ita ce ɗaukar zanen da birni ya riga ya amince da shi. Daga Janairun 2025 doka ta wajabta wa kowane birni ya tanadi irin wannan tsari, kuma wa'adin amsa a kansa kwana 30 ne. Los Anjalas da San Hose sun daɗe da nasu.

Babban haɗarinta ɗan kwangila ne. Kasuwar ta yi zafi, kamfanoni suka tsiro kamar ciyawar damina, wasu suka karɓi kuɗin mutane suka durƙushe, aka bar masu gida da rami a bayan gida. Dokar jiha a nan kariya ce ga wanda ya san ta: kuɗin kafin alƙalami a aikin gyaran gida ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na kwangilar ko dala 1,000, wanda ya fi ƙanƙanta a ciki, kuma ba a biyan kuɗin aikin da ba a yi ba ko kayan da ba a kawo ba. Duk wanda ya ce ka ba shi dubu talatin kafin ya kafa tsinke, ka sallame shi. Ka kuma duba lambar lasisinsa a shafin intanet na hukumar lasisin 'yan kwangila ta jiha, kyauta ne.

Sayarwa daban ita ce rauninta. A ƙa'ida boskwata tana bin gida duk inda ya tafi. Dokar AB 1033 ta 2023 ta ba birane zaɓin su yarda a sayar da ita ita kaɗai, San Hose ta yarda a 2024, amma zaɓi ne, kuma yawancin birane ba su ɗauka ba.

Dokar SB 9: gida na biyu ko raba fuloti

A takarda, wannan ce sarauniya. Sanata Toni Atkins ce ta kawo ta, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a Satumban 2021, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Ta ce a unguwar gidan iyali ɗaya kana iya yin gidaje biyu a fulotinka, ko ka raba shi biyu ka yi biyu a kowane ɓari, huɗu ke nan. Kowane ɓari kada ya gaza murabba'in ƙafa 1,200, kuma ƙaramin kada ya gaza kashi 40 cikin 100 na asalin filin. Mafi ƙanƙantar fuloti a irin waɗannan unguwanni na Los Anjalas murabba'in ƙafa 5,000 ne, daidai da hamsin a ɗarin da aka sani a Kano ko Kaduna, don haka za ka iya yanke 2,000 ka riƙe 3,000. Ɓarin da ka yanke yana samun takardar mallakarsa. Kana iya sayarwa, kana iya ba ɗanka halak malak. Babu wata hanya cikin ukun baya da ke ba ka wannan.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. A shekarar farko, kamar yadda Cibiyar Terner, mai binciken gidaje a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, ta tattara, Los Anjalas ta karɓi buƙatun sababbin gidaje 211 a ƙarƙashin dokar, ta amince da 38, a daidai lokacin da take ba da izinin boskwata dubbai. Me ya kawo haka?

Na ɗaya, birane sun yi mata taron dangi. Wasu suka ƙirƙiro ƙa'idojin tsayi da girma da zane da ke sa aikin ya zama asara. Garin Woodside, na attajirai kusa da San Faransisko, a farkon 2022 ya ce duk faɗinsa mazaunin damisar dutse ne don haka dokar ba ta hau kansa ba, sai da babban lauyan jiha Rob Bonta ya tsawatar sannan ya janye. A Afrilun 2024 wani alƙali a Los Anjalas ya yanke cewa dokar ba ta hau kan birane biyar da suka kai ƙara ba: Redondo Beach, Carson, Torrance, Whittier da Del Mar. Jiha ta ɗaukaka ƙara, majalisa kuma ta yi wa dokar kwaskwarima da SB 450, wadda ta sa wa'adin kwana 60 ta kuma rage wa birane damar ƙirƙiro ƙa'idoji na musamman. Abin ya ɗan gyaru, amma mai shiga wannan hanya ya san filin daga ya shiga.

Na biyu, sharuɗɗan dokar kanta. In za ka raba fuloti, sai ka sa hannu a takardar rantsuwa cewa kana da niyyar zama a ɗaya daga gidajen har shekara uku. Sau ɗaya ake rabawa. Ba a rushe gidan da ɗan haya ya zauna a ciki cikin shekaru uku da suka wuce, ko gidan da ke ƙarƙashin dokar ƙayyade haya. Unguwannin tarihi da gonaki masu daraja da fadamu suna da nasu shingen, haka wuraren da gobarar daji ke yawan ci. Sannan, saɓanin boskwata, dokar ba ta karya ƙa'idojin ƙungiyar masu gidajen unguwa ba. In takardunsu sun hana rabawa, magana ta ƙare.

Na uku, kuma mafi nauyi a ganina, banki. Gidan da ake bin sa bashi, fulotin duka jingina ne. Ba ka isa ka yanke rabi ka sayar ba sai bankin ya yarda ya saki wannan ɓari, kuma ba dole ne ya yarda ba. Mafita ita ce ka biya tsohon bashin ka ci sabo. To wanda ya ci nasa a 2020 ko 2021 da ruwa kusan kashi 3 cikin 100, ya koma ya ci na kashi 6 ko 7, an sayar da biri an sayi kare ke nan.

Kan kuɗi kuma, babu rangwamen 750 a nan. Kowane gida sabon gida ne cikakke, da cikakken kason birni, da mitarsa, da layin ruwansa. Ga safiyo, ga taswirar raba fili, ga lauya, ga hanyar da za a bar wa ɓarin baya ya fita titi. Ƙarko ba matsala, gini ne sabo. Amma a gaskiya aikin ƙaramin ɗan kasuwar gidaje ne aka ɗora wa mai gida, alhali sharaɗin zaman shekara uku ya kori 'yan kasuwar da suka iya aikin.

A taƙaice cikin jadawali

| | Sashe a cikin gida | Gareji | Sabuwar boskwata | SB 9 |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mafi arha | Matsakaici, yana iya tashi | Mai yawa | Mafi tsada |
| Girma | Har ƙafa 500 | Girman garejin | 800 tabbas, wani wuri 1,200 | 800 tabbas a kowane gida |
| Ƙarko | Na tsohon gidan | Ya danganta da daɓe da katako | Sabon gini | Sabon gini |
| Kason birni | Babu | Babu in bai wuce 750 ba | Babu in ba ta wuce 750 ba | Cikakke |
| Izini | Kwana 60 | Kwana 60 | Kwana 60, ko 30 da zanen birni | Kwana 60, amma takardu sun fi yawa |
| Zaman mai gida | Dole in banɗaki ɗaya ne | Ba dole ba | Ba dole ba | Shekara 3 in an raba fuloti |
| Sayarwa daban | A'a | Sai inda birni ya yarda | Sai inda birni ya yarda | E, in an raba |
| Babban haɗari | Takura | Ɓoyayyen gyara | Ɗan kwangila | Banki da birni |

Ina kuɗin zai fito, wa kuma zai shiga?

Yawancin mutane da ajiyarsu suke yi, ko su ci bashi na biyu a kan darajar da gidan ya ƙara. Jiha ta taɓa ba da tallafin har dala 40,000 ta hannun hukumarta ta CalHFA domin kuɗin zane da izini, amma rububi ya cinye shi, kada ka gina lissafinka a kansa. Mai cin bashi ya yi wannan hisabi: 200,000 da ruwan kashi 8 cikin 100 dala 16,000 ne a shekara, sama da 1,300 a wata, kafin a taɓa uwar kuɗi. Fiye da rabin hayar ya tafi. Mai gudun riba kuwa hanyarsa ta fi ƙunci, wanda hakan ke tura shi ga sashen cikin gida ko gareji, abin da ajiya da adashi da gudummawar 'yan'uwa za su iya ɗauka. In ta hannun kamfanin hada-hadar Musulunci ka sayi gidan, inda kuke tarayya a mallaka, ka nemi yardarsu a rubuce kafin ka taɓa bango.

Kada ka sa ran hayar 'yan kwanaki ga baƙi, irin ta shafin Airbnb. Gidajen SB 9 doka ta hana ba da su hayar da ba ta wuce kwana 30 ba, kuma birane da yawa sun sa wa boskwata irin wannan sharaɗi. Mazaunin birnin Los Anjalas kuma ya kula da wani tarko: in an gina gidansa kafin Oktoban 1978, ƙara sashe na biyu a fulotin yana iya jefa tsohon gidan ƙarƙashin dokar ƙayyade haya ta birni ranar da ya ba da shi haya. Masu shirin komawa boskwata su saka ɗan haya a babban gida, wannan ta shafe su kai tsaye.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In tsohuwa ko tsoho za ka ɗauko, mai buƙatar a riƙa leƙa shi dare da rana, kuma kuɗin hannunka ba su da yawa, yanki sashe a cikin gida, ka yi masa banɗakinsa, ka bar ƙofa tsakaninku. In matashi ne ɗanka, ko ƙanin da ya zo karatu, kuma injiniya ya wanke garejinka, gareji ya ishe ka.

In haya kake nema daga baƙo, ko kana tunanin ranar da kai da uwargida za ku koma ƙaramin wuri ku bar wa 'ya'ya babban gida, gina sabuwar boskwata, ka tsaya ƙasa da 750 sai in iyali ne masu yara za su shiga. Ni ita nake zaɓa wa mafi yawan masu tambaya, don ita ce doka ta fi tsare wa mai gida. Mai iyali da yawa ya sani ana iya haɗa ta da sashen cikin gida a fuloti ɗaya, ka samu muhalli uku ba tare da ka je kusa da SB 9 ba.

SB 9 ta mutum ɗaya ce: wanda ya gama biyan gidansa ko ya kusa, fulotinsa babba ne, zai fi kyau in na kwana ne mai fuskantar titi biyu, ba ya cikin ƙungiyar masu gidajen unguwa, ba shi da niyyar tashi nan da shekara uku, kuma abin da yake so shi ne takarda daban, ko don ya sayar da ɓari ya samu jari, ko don ya raba wa 'ya'ya biyu kowa da nasa tun yana raye. In kai ne wannan, fara da wasiƙa zuwa ga bankinka da ziyara ofishin tsara birni, ka ji bakinsu kafin ka kira safiyo.